Yusef Lateef, mai busa saksofon ɗin Amurka da ya zauna a Zariya: tambayoyi da amsoshi

Da an ambaci sunan bawan Allahn nan a cikin hira sai ka ji wani ya ce wai Yusufu Laɗifu ɗan wace unguwa ne, in kuma ka ce ai Ba'amurke ne amma ya yi zaman Zariya sai a fara yi maka kallon mai shirga ta. To ga tambayoyin da aka fi yi a kansa, da amsoshinsu.

Wai shi wane ne Yusef Lateef ɗin, Balarabe ne ko ɗan Najeriya?

Ba ko ɗaya. Baƙar fatar Amurka ne, an haife shi ranar 9 ga Oktoba 1920 a garin Chattanooga da ke jihar Tennessee, sunan da iyayensa suka raɗa masa William Emanuel Huddleston. Yana ɗan ƙaramin yaro iyayen suka yi ƙaura zuwa arewacin ƙasar kamar yadda dubban baƙaƙen fata suka riƙa yi a lokacin, suna gudun wariyar kudu suna neman aiki a masana'antu, a 1925 suka yada zango a Detroit garin ƙera motoci. Mahaifinsa ya canza sunan gidansu zuwa Evans, shi ya sa in ka duba tsofaffin faya-fayan da ya yi busa a ciki kafin ya musulunta William Evans za ka gani a rubuce, mutum ɗaya ne. Sana'arsa busa, babban abin busarsa kuma saksofon, amma daga baya sai da ya haɗa da sarewa da wasu kayan busa da yawa.

Menene ma saksofon ɗin?

Abin busan nan ne mai ruwan zinare mai lanƙwasasshen wuya da baki buɗe kamar mazurari, wanda za ka ga an rataya shi a wuya da igiya, in ka taɓa ganin hoton Fela yana busa ko Manu Dibango na Kamaru to shi ne. Wani mutumin Beljiyam mai suna Adolphe Sax ne ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a 1846. Jikinsa na tagulla ne amma sautin daga wani ɗan siririn ɓawon kara yake fitowa wanda ake ɗaurewa a bakin, in ka hura iska sai karan ya riƙa kaɗawa, yatsu kuma suna buɗe ramuka suna rufewa. Yana da girma-girma, akwai ƙarami mai siririyar murya akwai ƙato mai gurnani. Lateef da alto ya fara yana sakandare sannan ya koma teno, wato mai murya irin ta babban namiji, kuma da shi aka san shi har ƙarshen rayuwarsa. Busarsa tana da kauri, ba ya gaggawa, yakan ja sauti ɗaya ya riƙe shi har sai ka ji ya zauna maka a ƙirji.

A ina ya koya, gadon gidansu ne?

Ba irin gadon da muka sani ba ne inda ɗan makaɗi ke tashi da kalangu a hammata. Garin ne ya koya masa. Detroit ta wancan zamanin cike take da gidajen rawa da silima inda manyan ƙungiyoyin kiɗa ke zuwa wasa, yaro in yana da kunne sai ya je ya zauna gaba-gaba ya saurara, shi kuma wanda ya fi tafiya da hankalinsa a masu busa teno shi ne Lester Young. Ya yi makarantar Miller, kuma garin a shekarun nan ya fitar da mutane irin su Milt Jackson da Tommy Flanagan da Barry Harris da Kenny Burrell da Paul Chambers da Elvin Jones, duk waɗannan daga baya sun zama manya a harkar, to ka ga yaron da ya taso cikin irin wannan taron ko bai so ba sai ya iya.

Yana gama sakandare ya fara bin ƙungiyoyi yawon wasa gari-gari, ya yi aiki da Hot Lips Page da Roy Eldridge, a 1949 kuma ya shiga babbar ƙungiyar Dizzy Gillespie, wanda a lokacin shiga wajen Dizzy ba ƙaramin abu ba ne don shi da Charlie Parker su ne suka kawo sabon salon nan mai sauri da ake cewa bibop. Amma bai daɗe ba, a 1950 ya tattara ya koma gida Detroit saboda matarsa ba ta da lafiya. Mutane da yawa za su ga kamar ya yi asara ya bar New York ana tsakiyar cin kasuwa, ni kuwa a ganina komawar nan ita ta yi shi, don a shekaru goman da ya yi a gida ne ya shiga jami'ar Wayne State ya karanci tsara kiɗa da busa sarewar Turawa, ya yi aikin leburanci a masana'antar motoci ta Chrysler don ciyar da iyali, da dare kuma yana wasa da ƙaramar ƙungiyarsa.

Yaushe ya musulunta, kuma me ya kai shi?

Wajen ƙarshen shekarun 1940 ne, ta hannun 'yan Ahmadiyya, ya ɗauki sunan Yusef Abdul Lateef, kuma a cikin Ahmadiyyar ya zauna har ya bar duniya. Na san da an ce Ahmadiyya wasu za su ɗaga gira, to tarihi ne ake faɗa yadda yake: a Amurkar wancan lokacin su ne suka fi kowa shiga unguwannin baƙaƙen fata da wa'azi da littattafai da Turanci, shi ya sa makaɗan jaz, wato irin wannan kiɗan na baƙaƙen Amurka da shi ma yake yi, da dama ta nan suka shigo, irin su Art Blakey da Ahmad Jamal da Sahib Shihab. Ka tuna lokaci ne da baƙar fata a kudancin Amurka ba ya shiga otal ɗaya da Bature, ba ya shan ruwa a famfo ɗaya da shi, sai ga addini yana ce masa sahu ɗaya za ku tsaya kafaɗa da kafaɗa. Wasu sun shiga sun fita, wasu suna kawai suka canza, shi dai nasa ya zauna, sama da shekara sittin, kuma duk wanda ya yi aiki da shi abin da yake fara faɗa shi ne sanyin halinsa da rashin hayaniya. Mutum ne dogo ƙaƙƙarfa amma magana a hankali, har laƙabin da ya bi shi ke nan, ƙato mai taushin hali, wanda ya zama sunan wani faifansa na 1972 da kuma littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2006.

Me ya bambanta kiɗansa da na sauran masu busa saksofon?

Kwaɗayin sani, wallahi shi ne kawai. Tun a shekarun 1950 lokacin da ba wanda ya damu da abin da ake busawa a Indiya ko Masar, shi yana zuwa laburaren Detroit yana karanta yadda kiɗan wasu al'ummu yake, ga kuma Larabawa 'yan Siriya da Labanan da suka cika yankin suna aiki a masana'antu, a wajensu ya ga kayan kiɗan da bai taɓa gani ba. Sai ya fara shigo da su cikin wasansa, akwai argul na Larabawa mai kara biyu, akwai shenai na Indiya wanda kusan ɗan uwan algaitarmu ne, akwai rababa mai tsirkiya, akwai wata 'yar sarewar yumɓu ta Sin mai siffar ƙwai. Ya kuma ɗauki obo, abin busan Turawa da aka saba ji a kiɗan gargajiyarsu na manyan zauruka, ya busa bulus da shi, wato kiɗan baƙin cikin nan na baƙaƙen kudancin Amurka, abin da kusan ba a saba ji ba. A wani faifansa na 1957 har kwalbar lemo da balan-balan sai da aka yi kiɗa da su.

Amma fa kar ka ɗauka tarkace yake tarawa don a ce ya iya. Abin da na fi so game da shi shi ne duk inda ya je yawonsa ƙafarsa ɗaya tana cikin bulus ɗin nan da ya taso da shi, ko sarewar Sin yake busawa in ka kasa kunne za ka ji ɗan Detroit ne. Faifansa da ya fi shahara, Eastern Sounds, a 1961 aka ɗauke shi tare da Barry Harris a kan piyano, kuma har yau shi ne wanda mutane suka fi nema.

Su wa ya yi aiki da su a cikin manya?

Ya fara fitar da faya-fayai da sunansa a 1957 a kamfanin Savoy, a 1960 ya koma New York. Ya yi aiki da Charles Mingus, sannan daga 1962 zuwa 1964 yana cikin ƙungiyar Cannonball Adderley mai mutum shida, da su ya je Japan a 1963, a nan ne duniya ta ƙara saninsa sosai. Shi da John Coltrane kuma abokai ne, har akwai wani kiɗa da ya tsara don girmama shi. Bayan nan ya yi faya-fayai a kamfanin Impulse sannan ya daɗe a Atlantic.

Wani abu da ya kamata a lura, alaƙarsa da Najeriya ta riga zuwansa Zariya da kusan shekara ashirin. A New York ya yi busa da Babatunde Olatunji makaɗin gangar nan Bayarabe, yana cikin waɗanda suka yi faifan Uhuru Afrika na Randy Weston a 1960, shekarar da ƙasashen Afirka da yawa suka samu 'yancin kai har da Najeriya da Nijar, a 1962 kuma ya yi wani faifan da Art Blakey tare da Solomon Ilori shi ma ɗan Najeriya.

To me ya kawo shi Zariya, kuma shekara nawa ya yi?

Daga 1981 zuwa 1985, a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ka lissafa da kyau, ya zo zamanin Shagari, yana nan aka yi juyin mulkin ƙarshen Disamba 1983, kuma lokacin da ya zo ya haura shekara sittin, sunansa ya riga ya zaga Turai da Japan, yana da digirin dakta a aljihu. Mutum irin wannan in ya zo Afirka yawanci wasan kwana biyu yake yi a babban otal a Legas a ɗauki hoto ya hau jirgi, shi kuwa sai ya zauna shekara huɗu yana koyarwa yana kuma bin makaɗa da mabusa yana tambaya.

Abin da ya fi ba wa ƙarfi a bincikensa shi ne sarewa, sarewar nan dai ta Fulani makiyaya da yaro ke busawa a bayan shanu, 'yar kara mai ramuka huɗu wadda mu nan ba ma ɗaukarta a bakin komai. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ga kamar wasa ne, amma sarewa ba ta da wani bakin da aka gyara maka kamar usur, sai ka karkata ta a gefen leɓe ka nemo inda iska za ta bugi bakin karan, in ka kuskure kaɗan sai dai ka ji fuuu babu sauti, kuma da ramuka huɗun nan gwani ke fitar da muryoyi da yawa ta hanyar ƙara ƙarfin iska ko rage shi ko rufe rabin rami. Mutumin da ya shekara arba'in yana busa abin da ke da maɓallai sama da ashirin shi ne ya zo ya zauna gaban masu wannan karan yana koyo. Mu da muke da abin, mabushi a wajenmu maroƙi ne, ana jin daɗin busarsa ranar salla ko a ƙofar fada amma ba kowa ke son ya ba shi 'yarsa ba, sai ga baƙo daga Amurka ya ɗauke shi a matsayin malami. Abin a duba ne gaskiya.

Akwai wani abu da ya bari daga zaman nasa na Zariya?

Akwai. Na farko littafi, shi da Ziky Kofoworola masanin wasan kwaikwayo suka rubuta Hausa Performing Arts and Music wanda ya fito a 1987, a kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausawa, kuma har yanzu ɗaliban da ke rubutu a wannan fannin suna ambatonsa. Na biyu faifai, a 1983 ya ɗauki In Nigeria a Legas tare da makaɗan gida, ya fito a Amurka a 1985 a kamfanin Landmark. A ciki akwai wani kiɗa da ya sa wa suna Drama Village, duk wanda ya yi karatu a Samaru ya san wajen, akwai kuma wani mai sunan Hausa, ruwa mai zurfi. Akwai wani faifan kuma mai suna Hikima da aka yi a ƙarƙashin cibiyar ita kanta, wanda ya daɗe yana wuyar samu kafin a sake buga shi.

Wai da gaske dakta ne ko irin na girmamawa ne?

Na karatu ne, ya zauna ya yi shi. Digirin farko a 1969 a Makarantar Kiɗa ta Manhattan, na biyu a 1970, wato yana dab da shekara hamsin yana zama aji da yaran da ya haifa, sannan dakta a fannin ilimi daga Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a 1975, kuma kundin nasa ma ba a kan busa ba ne, kwatanta tsarin ilimin Turawa ne da na Musulunci. A 1981 ya fitar da wani ƙaton littafi da ya tara sikeli, wato jerin sautuka daga ƙasa zuwa sama, da salon waƙe na al'ummu daban-daban wanda masu koyon busa ke atisaye da shi har gobe. Bayan ya dawo daga Najeriya ya ci gaba da koyarwa a Amherst ɗin. Ya rubuta gajerun labarai, yana kuma zane.

An ce ba ya son a kira kiɗansa jaz, me ya sa?

Haka ne, ya ƙi kalmar ƙememe. A ganinsa kalma ce da aka liƙa wa kiɗan baƙaƙen fata mai ɗauke da ma'anar raini da batsa da shirme, kuma ba masu kiɗan ne suka zaɓa wa kansu ita ba. Sai ya ƙirƙiro tasa, autophysiopsychic, abin da yake nufi shi ne kiɗan da ke fitowa daga jikin mutum da tunaninsa da ruhinsa. Kalmar dai ta yi tsawo, ba ta kuma karɓu a bakin jama'a ba, shagunan faya-fayai suka ci gaba da ajiye shi a layin jaz, amma shi bai taɓa janyewa ba. Abin dariyar ma a 2010 hukumar fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi lambar gwanin jaz, wadda ita ce babbar lambar da ake ba masu wannan kiɗa a ƙasar, ya kuma karɓa.

Ya ya haɗa busa da addini, ba a gidajen giya ake irin wannan kiɗan ba?

A can aka fi yi, kuma shi ma ya shekara da shekaru yana yi a can don nan ne kasuwar take. Amma wajen 1980 ya yanke shawara ya daina wasa a duk inda ake sayar da giya, sai zauren taro da jami'o'i da wuraren bukukuwan kiɗa. Ga mai busa jaz wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce, kamar direban haya ne ya ce ya daina shiga tasha, don kulob-kulob ɗin nan su ne ke ba da aikin mako-mako. Dalilinsa biyu ne, addininsa, da kuma ganin cewa kiɗan ya fi ƙarfin a yi shi mutane na surutu ana karo da kofuna. Maganar hukuncin kiɗa kuwa wannan fagen malamai ne kuma an san sun yi saɓani a kai tun da daɗewa, a nan abin da mutumin ya yi kawai ake faɗa.

Ya samu Grammy, babbar lambar yabon nan ta kiɗa a Amurka?

Ya samu guda ɗaya, da faifansa na 1987 mai suna Yusef Lateef's Little Symphony wanda shi kaɗai ya kaɗa duk kayan da ke ciki, kuma ba ma a rukunin jaz aka ba shi ba, a wani rukuni ne na kiɗan natsuwa. Ni dai ba zan ce shi ne mafi kyawun aikinsa ba, na farkon shekarun 1960 sun fi shi nesa ba kusa ba. A 1992 ya buɗe kamfaninsa na kansa mai suna YAL don ya riƙa fitar da abin da ya ga dama ba tare da wani manaja ya ce masa wannan ba zai sayu ba, a 1993 kuma ya rubuta wani dogon kiɗa a kan tarihin baƙaƙen Amurka wanda babbar ƙungiyar makaɗan gidan rediyon WDR ta Jamus ta kaɗa.

Yana raye?

Ya rasu ranar 23 ga Disamba 2013 a gidansa da ke Shutesbury a jihar Massachusetts yana da shekara 93, bayan fama da ciwon daji na prostate, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Kusan har ƙarshe yana wasa, a shekarunsa na ƙarshe yawanci shi da makaɗin ganga Adam Rudolph suke fita su biyu.

In ina so in saurara da wanne zan fara?

Fara da Eastern Sounds, yana da sanyi, ko wanda bai saba da kiɗan da babu waƙa a ciki ba zai iya zama da shi, ka kula da inda yake busa obo. In kana son jin ƙarfin saksofon ɗinsa a gaban jama'a sai ka nemi Live at Pep's da aka ɗauka a Philadelphia a 1964, daga nan The Blue Yusef Lateef na 1968. In Nigeria ka bar shi sai kunnenka ya saba, don ganguna sun yi yawa a ciki kuma tsarinsa ba irin na sauran ba ne. Na shekarun 1990 zuwa sama kuwa wasunsu suna da nauyi, sai ka yi haƙuri da su, akwai inda za ka ji minti biyu ba komai sai numfashi da ƙararrawa. Yawancinsu suna YouTube da Spotify, ka rubuta sunan yadda shi yake rubutawa, Yusef Lateef, in ka sa Yusuf Latif wasu mutanen daban za su fito maka.